Iskar da ke cikin ledar abinci: wa ya duba ta kafin ta iso hannunka?

Yau ba saitin waya za mu tattauna ba, amma ka ajiye wayarka kusa, akwai ɗan gwajin da za ka yi da ita nan gaba kaɗan.

Na san ka taɓa sayen ledar soyayyen dankali a kanti, ka ji ta cika tim, kana buɗewa ka tarar rabinta iska ce. Nan take sai ka ce an cuce ka, an sayar maka da iska da kuɗinka. To, ba zan kare kamfanoni ba, domin wasu kan rage abin da ke ciki su bar girman leda yadda yake. Maganin wannan shi ne ka duba nauyin da aka rubuta a jiki, kada ka bi girman leda. Amma ita iskar kanta ba ta banza ba ce, aiki take yi. Kuma tambayar da ta fi damuna ita ce: wa ya tabbatar cewa iskar da ke cikin ledar da ke hannunka ita ce wadda ya kamata a ce tana ciki?

Ra'ayina a taƙaice shi ne, tunda yanzu akwai fasahar auna iskar cikin leda ba tare da an huda ta ba, bai kamata manyan masana'antu su ci gaba da duba ɗaya cikin dubbai suna cewa sun yi bincike ba. Sai dai kuma kada wani ya ruɗe ka cewa wannan fasaha ta gama magance matsalar gurɓataccen abinci. Bari mu bi abin daki-daki.

Me ke cikin ledar?

Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kusan kashi 21 oksijin, sai ɗan abin da ya rage, ciki har da kabon dayoksaid wadda take kusan kashi 0.04. Oksijin ɗin da ke rayar da mu ita ce babbar abokiyar gabar abincin da aka ajiye. Ita ke sa soyayyar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli su fara warin tsohon mai idan sun kwana biyu a buɗe. Ita ce kuma fumfuna ke buƙata kafin ta fito a jikin burodi.

Shi ya sa masana'antu ke korar iskar gari daga cikin leda su maye gurbinta da wata kafin su liƙe. Soyayyen dankali da gyaɗa da garin madara, naitirojin ake sa musu, domin ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta kuma taɓa mai. Ga shi tana zama kamar matashi, ta hana dankalin dagargajewa a mota. Burodi da cuku kuwa ana haɗa musu da kabon dayoksaid, saboda tana rage saurin fumfuna da wasu ƙwayoyin cuta. Ɗanyen jan nama a kantunan Turai shi nasa daban ne: sau da yawa oksijin ake cika masa, kashi 70 zuwa 80, sauran kabon dayoksaid, don ya riƙe jan launinsa. Ka ga kenan kowane abinci da irin haɗin da ya dace da shi, kuma idan haɗin ya kauce, ranar lalacewar da aka buga a jiki ta zama ƙarya.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Duk wanda ya san buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa a Najeriya da Nijar don ajiyar wake, ya san sirrin. Ana ɗaure shi tamau, ƙwarin da ke ciki su shanye oksijin ɗin, daga nan su daina ci da hayayyafa, ba tare da an zuba maganin ƙwari ba. Manomi kuma ya san dokarsa: kada ka riƙa buɗewa kana leƙawa, domin duk buɗewa ɗaya sabuwar iska ka shigar. Wato dubawar ce ke ɓata abin da kake son dubawa. Wannan ita ce ainihin matsalar da masana'antun abinci suka daɗe suna fama da ita.

Yadda aka saba dubawa

Hanyar da aka fi amfani da ita har yau ita ce ta allura. Ma'aikaci zai ɗauko leda ɗaya daga kan layi, ya manna mata ɗan guntun roba, ya soka allura ta cikinsa, na'ura ta zuƙo iskar ta faɗi yawan oksijin da kabon dayoksaid. Awon yana da kyau, ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar ita ce ledar da aka huda ta tashi daga aiki, ba za a sayar da ita ba. Don haka ba yadda za a yi a duba kowace.

Mu yi lissafi da misali. A ce layi yana fitar da leda 100 a minti ɗaya, ma'aikaci kuma yana duba ɗaya duk bayan minti 30. A tsakanin dubawa biyu leda 3,000 sun wuce. A aikin awa 8 an fitar da 48,000, an duba 16 kacal. Idan injin liƙewa ya fara kuskure minti biyu bayan dubawa, ko iskar naitirojin ta ragu a bututu, sai an jira kusan rabin awa kafin a gane. Daga nan zaɓi biyu ne, ko a tsare dubban ledoji a zubar ko a sake zubi, har da masu kyau a cikinsu, ko a rufe ido a tura kasuwa. Wannan ma idan matsalar ta ɗore kenan. Idan ɓarɓashin dankali ne ya maƙale a bakin leda ɗaya ya hana ta liƙuwa, waccan ledar za ta wuce abinta, ba wanda zai sani sai wanda ya saya.

Abin lura kuma shi ne, ledar da aka tabbatar tana da kyau ita ce aka jefar a kwandon shara. Wadda ka saya ba a taɓa duba ta ba.

Ɗauko wayarka mu yi gwaji

Nemi rimot ɗin talabijin. Buɗe kyamarar wayarka, ka saita kan rimot ɗin a gabanta, ka danna kowane maɓalli. A wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske fari ko shunayya yana ƙyaftawa a allo, alhali idonka bai ga komai ba. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba, domin wasu wayoyin suna da matatar da ke tare wannan haske. Abin da ka gani haske ne da ya wuce iyakar ganin ido, tsawon zangonsa kusan nanomita 940. Idon ɗan'adam yana gani ne daga wajen 400 zuwa ɗan sama da 700.

Yanzu tuna ƴar na'urar nan da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa a asibiti, wadda ta yi suna lokacin korona. Tana haska jan haske da irin wancan hasken na rimot ta cikin yatsa, ta auna nawa ne ya fita ta ɗaya ɓangaren, ta faɗi yawan oksijin a jini. Ba allura, ba ɗiban jini. To, kusan irin wannan tunanin ne aka kai kan ledar abinci.

Yadda leza ke leƙa cikin leda

Kowace iska tana da wani takamaiman zangon haske da take shanyewa, kamar yadda kowane layin waya ke da lambarsa. Oksijin tana shanye haske a wajen nanomita 760, dab da ƙarshen ja. Kabon dayoksaid ana yawan auna ta a wajen nanomita 2,000. Tururin ruwa shi ma yana da nasa wuraren.

Sai a kafa ƴar ƙaramar leza a gefe ɗaya na layin, a sa na'urar karɓar haske a ɗaya gefen. Leda na zuwa wucewa, hasken ya ratsa ta inda iskar take. Dabarar ita ce ba zango ɗaya lezar ke tsayawa a kai ba. Ana ɗan sauya wutar da ke shigarta, sai zangon ya riƙa kai da komo da sauri, yana hawa kan daidai inda oksijin ke shanyewa yana sauka. Ita robar leda tana rage haske kusan daidai wa daida a duk wannan ɗan tsakanin, amma oksijin a wuri ɗaya siriri take cizo. Kwamfuta sai ta duba zurfin wannan cizon: idan ya yi zurfi, oksijin ta yi yawa. Ledar da ta wuce iyaka, wani hannu ko bugun iska ya ture ta gefe, sauran su wuce. Turawa suna kiran wannan hanya TDLAS a taƙaice.

Idan mazubin ba garau yake ba fa, kamar kwalin takarda ko farar roba? A Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, rukunin Farfesa Sune Svanberg ya fito da wata hanya a 2001 mai suna GASMAS. Ka taɓa ɗora yatsa a kan fitilar wayarka ka ga ya yi ja? Hasken bai bi miƙe ba, ya watsu a cikin nama, amma wani ya fito. Haka yake yi a kwali. Ko da ɗan kaɗan ne ya fito, alamar cizon iskar tana nan a jikinsa, domin ta fi ta takarda ko roba siranta sau dubbai. Daga wannan bincike kamfanin Gasporox ya samo asali a garin Lund. A Italiya ma masana a Padua sun yi aiki sosai a kai, kuma Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna SAFETYPACK don a gwada irin waɗannan na'urori a kan layin masana'antar abinci na gaske, ba a ɗakin gwaji kawai ba. Masu haɗa magungunan allura kuwa sun riga masu abinci nisa, sun daɗe suna haska leza ta wuyan ƙananan kwalaben magani don gane wadda iska ta shiga.

Inda fasahar ke da rauni

Kada in yi maka tallan abin da ba haka yake ba. Akwai matsaloli na gaske.

Na farko, haske ba ya ratsa ƙarfe. Gwangwanin madara, kwalin lemo mai shimfiɗar alminiyom a ciki, da ledoji masu ƙyalli irin na garin madara da shi kansa soyayyen dankalin, duk suna tare leza. Ka duba shagon unguwarku, za ka ga yawancin kayan irin waɗannan ne. A nan sai dai a bi ta wata hanya. Misali, kamfanin Ishida na Japan yana da na'ura mai suna AirScan, wadda ke ɗan matsa mazubi yayin da yake wucewa, leza kuma ta shinshina a waje ko kabon dayoksaid na fita. Wannan yana kama yoyo, amma sai in akwai kabon dayoksaid a cikin haɗin, kuma bai faɗi abin da ke ciki.

Na biyu, ɗakin masana'antar kansa cike yake da oksijin kashi 21, kai kuma kana neman ɗan kashi 1 ko 2 a cikin leda. Duk tazarar da hasken ya bi a waje tana shiga lissafi. Dole a matso da na'urar dab da ledar, ko a riƙa hura naitirojin a tsakanin, ko a cire na wajen a lissafi.

Na uku, sai an san tsawon hanyar da hasken ya bi a cikin ledar. Kwalba faɗinta sananne ne, amma leda yau ta kumbura gobe ta lotsa. Wasu injinan suna kama gefen ledar su ja ta zuwa faɗi ɗaya. Wasu kuma suna auna tururin ruwan da ke ciki, tunda a abinci mai danshi ana iya sanin yawansa daga zafin wurin, daga nan a lissafo tsawon hanyar.

Na huɗu shi ne kuɗi. Wannan ba na'urar mai ƙaramin gidan burodi ba ce.

Abin da leza ba ta gani

Wannan sashen ya fi kowane muhimmanci. Leza iska take aunawa, ba ƙwayar cuta ba. Leda tana iya cin jarrabawar oksijin da maki cikakke alhali abin da ke ciki guba ne. Ƙwayar da ke haddasa cutar botulizim, mai shanye jiki, inda babu oksijin ma ta fi son zama. Ƙwayar listeriya kuwa har cikin firji tana hayayyafa. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, listeriya ta kama mutane sama da 1,000, ta kashe sama da 200, aka kuma gano tushenta a sarrafaffen nama daga wata masana'anta. Idan cuta ta shiga tun kafin a liƙe, kyawun liƙi ba zai cece ka ba.

Haka nan naman kaza ko kifin da aka kulle cikin haɗin iska, da sharaɗin sanyi aka yi masa lissafin kwanaki. A inda wuta ke ɗaukewa rabin yini, firjin kanti ya huce ya sake sanyi, wannan lissafin ya rushe komai kyawun injin da ya duba shi a masana'anta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutane miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a. Mafi yawan wannan matsalar tsafta ce da ruwa da sanyi, ba ta iskar leda ba.

To me ya sa nake goyon bayanta duk da haka?

Domin tana gyara wani abu guda da kyau, wato tana mayar da zato ya zama sani. Maimakon a ce leda 16 sun yi kyau don haka 48,000 sun yi kyau, sai a ce ga sakamakon kowace ɗaya. Injin da ya fara kaucewa ana kama shi nan take, ba bayan rabin awa ba. Abincin da ake zubarwa saboda gwaji da kuma wanda ake tsarewa bisa zargi ya ragu. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi, don haka duk abin da zai rage wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Za ka ce ai kuɗin injin a kanmu za a ɗora. Wataƙila wani ɓangare. Amma ka tambayi kanka, yanzu wa ke biyan kuɗin ledar da ta lalace? Mai shagon da kwastoma ya dawo masa da kaya yana faɗa, shi kuma dila ya ƙi karɓa. Uwar da ta sayi abin da ba za ta iya ba ɗanta ba. Asarar tana nan tun da, kawai dai a kan ƙaramin mutum take sauka. Na fi son ta koma inda kuskuren ya faru.

Ba ina cewa a tilasta wa mai yin cincin a gida ya sayi leza ba. Shi akwai abin da ya fi dacewa da shi: injin liƙewa mai kyau, da ƴan ƙullin nan masu shanye oksijin da kamfanin Mitsubishi Gas Chemical na Japan ya fara sayarwa a 1977 da sunan Ageless. Akwai ma ƴar ƙwaya mai sauya launi da ake sakawa tare, ruwan hoda idan babu oksijin, shuɗi idan ta shiga. Amma kamfanin da ke fitar da dubban ɗaruruwan ledoji a rana, in dai mazubinsa haske na ratsa shi, ba shi da hujjar tsayawa kan allura kaɗai. Zan so in ga hukumomi irin su NAFDAC suna tambayar manyan masana'antu kashi nawa na kayansu ake dubawa a kan layi. Zan kuma so ranar da za ka ɗora kyamarar wayarka kan lambar QR ta jikin leda ka ga rukunin da ta fito da sakamakon awonsa. Injin ya riga ya adana bayanan, abin da ya rage niyya ce.

Abin da za ka iya yi tun yau

Kafin wannan rana ta zo, hannunka da idonka su ne na'urarka.

Ledar soyayyen dankali ko biskit mai iska, ka ɗan matsa ta a hankali. Idan ta tsaya tim, liƙinta lafiya. Idan tana sacewa a hannunka, ta yi yoyo, ajiye ta.

Kayan da aka zuƙe wa iska, kamar wani naman ko cuku, ya kamata ledar ta manne da jikinsu. Idan ta saki, iska ta shiga.

Gwangwani, kwalin madara, ko robar yogot da ta kumbura, kada ma ka ɗanɗana. Sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka samar da iskar daga ciki. Wannan daban yake da ledar busasshen abu da ta ɗan ƙara cika don ka hau da ita tudu irin na Jos ko jirgin sama, inda iskar waje ce ta rage nauyi.

Ɗan ƙullin da kake tararwa a ciki an rubuta kada a ci, ba sinadarin miya ba ne. Ka jefar da shi inda yara ba za su ɗauka ba.

A kayan da suka fito daga Turai, doka ta wajabta a rubuta cewa an kulle su cikin iska mai kariya idan an yi hakan. Lambar E941 naitirojin ce, E290 kabon dayoksaid, E948 oksijin. Ba abin tsoro ba ne.

Da zarar ka buɗe, kariyar ta tafi. Ranar da aka buga ta ledar da ba a buɗe ba ce.

Idan ka ci karo da kaya mara kyau, kafin ka jefar, ɗauki hoton lambar rukuni da ranar yi da ta lalacewa da lambar rajista. Da waɗannan ne kamfani ko hukuma za su iya bin sawun layin da ranar da abin ya faru. Ƙorafi ba tare da su ba, surutu ne kawai.

Ka gwada na rimot ɗin yau da dare, ka nuna wa yaran gida. Sannan in ka shiga kanti gobe, matsa ledar kafin ka biya.